Makullin Ɗakin Gawayi Yana Hannuna

Daga Admin: Wata uwa ce ta turo wannan, ta roƙi a sakaya sunanta. A karanta har ƙarshe kafin a yi sharhi, kuma a yi magana da ladabi, ta haifi da yawanmu.

Salama a gare ku 'yan wannan zaure, manya da ƙanana, Kirista da Musulmi, domin an shaida mini duka kuna ciki. Don girman Allah ku ba ni shawara, amma ku bari in gama tukuna. Ban saba fitar da maganar gidana waje ba. Ni tsohuwar shugabar makaranta ce, rayuwata duka ni ake zuwa nema wa shawara, kuma da hannuna nake rubuta wannan, domin na iya tafireta tun iyayen wasunku ba su shiga aji ɗaya ba. Sunayen da za ku gani duk na aro ne.

Maigidana injiniya ne, ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya. Mu Kirista ne. Ni 'yar mai bishara ce, a hannun mishan na tashi, inda aka koya mana cewa mai bi ba ya jin kunyar buɗe baki ya kira sunan Ubangijinsa. Shi kuwa mahaifinsa ne kaɗai ya karɓi bishara a gidansu, sauran dangi duk Musulmi ne. Ba mu taɓa samun saɓani da su ba, suna zuwa mana Kirsimeti, muna kai musu barka da salla. Na faɗi wannan ne domin ku fahimci abin da ke tafe.

An ba mu gida a Nassarawa GRA a shekarun da kuɗin mai ya fara malala a ƙasar nan, tsohon gidan Turawa mai faɗin baranda da itatuwan mangwaro, da wani ɗan ɗaki can baya kusa da katanga inda kukun Bature yake ajiye gawayi a da. Yaran yanzu ba za su gane yadda gidan babban ma'aikaci yake a wancan zamani ba. Kowa gini yake yi, kowane gari hanya yake so a shimfiɗa masa, tun kafin mu karya kumallo motocin 'yan kwangila sun jeru a bakin get, wani da rago, wani da katan na lemo, ga 'yan ƙauyenmu da na ƙauyensu sun cika baranda suna neman a sama musu aiki. Maigida ba ya karɓar ragon, amma kuma ba ya iya korar mai ragon, sai ya zauna ya saurare shi. Yana dawowa daga ofis zai tarar da wani ofishin a falonsa.

A cikin wannan hali ne ya sa aka share ɗakin gawayin, aka shafa masa farar ƙasa, ya sayo tabarma ya shimfiɗa. Na ɗauka wurin ajiye takardun aiki yake so. Sai na ga kullum da yamma, da zarar an kira la'asar, yakan tashi ko da wa yake zaune, ya ce a yi masa uzuri, ya zagaya baya, ya tsaya a famfon lambu ya wanke fuska da hannuwa da ƙafafu, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya shiga ya rufe. Bayan wani ɗan lokaci ya fito ya koma wurin baƙinsa kamar ba abin da ya faru. Ku duba abin da na lissafa muku, lokacin, da wankin, da tabarmar, da tuɓe takalmin, ku faɗa mini tsakaninku da Allah me za ku yi zato in mijinku ne.

Na tambaye shi, ba sau ɗaya ba. Ya ce addu'a yake yi. Na ce muna da addu'ar safe ta iyali, muna da ta dare, muna da sujada ranar Lahadi da ta tsakiyar mako, wace addu'a ce kuma wadda matarsa ba za ta ce mata amin ba. Ya ce wannan ba ta da amin, zama kawai yake yi a gaban Ubangiji ya yi shiru. Na ce to me ya sa sai da la'asar. Amsar da ya ba ni ita ce wai a duk tsawon yini lokacin ne kaɗai get ɗin gidanmu yake rufe. Kuma gaskiya ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Maigadinmu na lokacin, Malam Sale, mutumin wajen Ringim, in zai yi salla yakan zarga sarƙa a get ya shimfiɗa buzunsa a gindin darbejiya, kuma a Kano duk girman ɗan kwangila ba zai danna wa mai salla hon ba. Yawancin baƙin ma tashi suke yi su bi sahu, kuku ya bar kicin, direba ya bar mota. Maigida ya ce shi aron shirunsu yake yi. Wankin kuma, wai daga wurin aiki yake, ba zai hau tabarma da siminti a ƙafa ba.

Magana ce mai tsari, na yarda. Amma na yi shekaru ina sauraron ɗalibai suna kare kansu a ofishina, na kuma lura cewa amsar da ta fi kowace tsari ita ce wadda aka daɗe ana shiryawa.

Wata rana, kuma ba na jin kunyar faɗa domin matarsa ce ni, na bi bayansa na tsaya jikin ƙofar na kasa kunne. Da na ji yana karatu irin na Musulmi da na san matsayina. Da na ji yana kiran sunan Yesu da na koma kicin da farin ciki. Ban ji komai ba, ko motsin leɓe, ko tari. Wannan shirun ya fi komai tayar mini da hankali, domin ni a sanina mai roƙo yana da murya.

Abin ya fita waje ne ranar da 'yan Zumuntar Mata suka yi taro a gidana, ina shugabarsu a lokacin. Muna zaune a baranda ta baya muna koyon sabuwar waƙa, sai ga maigida ya fito daga ɗakin ba takalmi, bakin wandonsa a jiƙe, daidai lokacin da Malam Sale yake naɗe buzunsa. Wata mata mai suna Saratu, wadda bakinta bai taɓa hutawa ba, Allah ya ji ƙanta, ta dube shi ta dube ni ta ce, “Malama, ashe an idar. A ce wa Alhaji muna gaisuwa, in za a tafi Makka a tuna da mu da dabino.” Mata suka fashe da dariya. Shi ma ya yi murmushi ya ce, “Saratu, in na je ke zan fara sayo wa abin rufe baki.” Aka ƙara dariya, ni ma na yi, domin ba a koya mini nuna rauni a gaban jama'a ba. Amma sunan ya bi shi, har yau akwai tsofaffi a majami'armu da ke kiransa Alhaji a bayan idona, wasu ma a gaban idona.

Daga nan na sa masa ido sosai. Na san za ku ce salla biyar ce ba ɗaya ba, ni ma na san haka, a Kano na tsufa. Da azumi ya zo nakan kai masa abincin rana da kaina in zauna har ya cinye, kuma yana ci. Bai taɓa fashin sujadar Lahadi ba, yana karɓar jibin Ubangiji, shi ya riƙe 'ya'yanmu ranar da aka miƙa su ga Ubangiji a majami'a. Amma an nemi ya zama dattijon ikkilisiya ya ƙi, aka sake nema ya sake ƙi, wai shi ba mutumin baki ba ne. In Rabaran ya ce ya rufe taro da addu'a, kafin mutane su gama sunkuyar da kai ya ce amin. Mutumin da zai iya zama shi kaɗai da Allah kullum, a ce ba shi da abin faɗa wa Allah a gaban 'yan'uwa? Sannan ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Kuɗin mai ya janye, 'yan kwangila suka ɗauke ƙafa, ya yi ritaya, muka sayi gidan, yara suka watse, Malam Sale ya koma garinsu ya rasu. Gidan ya zama shiru daga safe har dare. In da gaske aron shiru yake yi, me ya hana shi sauya lokaci? Na tambaye shi, ya ce jiki ya saba, kuma ba ya son ya saɓa alkawari da wanda yake jiransa. Na ce wa ke jiranka. Ya dube ni ya ce, “Haba Malama, ke da kika koyar da addini.”

Haka muka zauna shekaru masu yawa, ban fasa zargi ba, shi kuma bai fasa shiga ɗakinsa ba, kuma in ban da wannan ba ni da abin da zan ce ya yi mini. Bai taɓa ɗaga mini murya ba.

To, a daminar da ta wuce ya samu shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama da ƙafar dama sun tafi, magana ta tafi gaba ɗaya, amma hankalinsa yana nan, yana gane kowa. A keken marasa lafiya yake. Ranar da aka kai shi asibiti na sa kwado a ɗakin gawayin na ɗaure makullin a bakin zanena, ba da wata manufa ba a lokacin, don kada a shiga ne kawai. Tun da aka sallamo shi, kullum aka kira la'asar a masallacin maƙwabcinmu sai ya fara motsi a kekensa, ya ɗaga hannun hagu yana nuna baya, yana wani sauti a maƙogwaro, idonsa a kaina, domin ya san inda makullin yake. Nakan ce masa likita ya hana. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, likita ya ce kada a bar shi shi kaɗai saboda yakan shaƙe ko da yawunsa ne.

'Ya'yana biyu da ke kusa sun rabu a kan maganar. Rahila, babbar, ma'aikaciyar jinya ce, tana zaune a Badawa, kullum tana zuwa. Ita cewa take a buɗe masa, a tura shi ciki a ja ƙofa, ita za ta tsaya a waje tana saurare. Ta ce mini hawan jininsa yana tashi ne daidai wannan lokaci, kuma ni na sani. Ƙaninta Bulus, wanda yanzu shi ne dattijo a majami'armu, ya ce sam. Ya ce an daɗe ana yi da mu, yanzu da Baba ya kusa gamuwa da Ubangijinsa ba lokacin wasa da shakka ba ne, abin da yake bukata shi ne a cika kunnensa da sunan Yesu. Ya kwaso 'yan ƙungiyar addu'a suka kewaye keken maigida a falo, suka ɗaga murya gaba ɗaya, da tafi da waƙa, kuma ni ma na shiga, domin irin addu'ar da na sani ke nan. Muna tsaka da yi na buɗe ido na ga maigida ya jawo mayafin da ke cinyarsa da hannun hagu ya rufe fuskarsa. Bulus ya ce kun gani ko, akwai abin da ke ƙin jin sunan. Rahila ta ce abin da ke ƙi shi ne kan tsoho mai ciwo da aka taru ana yi wa ihu, ta ce masa wai shi dattijon ikkilisiya ne amma ko zama minti biyar da ubansa bai iya ba sai da lasifika. Suka yi ta yi har na tsawatar musu. Yanzu in ɗaya ya shigo ɗaya fita yake yi.

Ana cikin haka sai ga Alhaji Garba, ɗan ƙanen mahaifin maigida, ya zo dubiya daga Kawaji. Mutumin kirki ne, ba na ƙinsa. Ya yi rashin sa'a ko sa'a, ban sani ba, yana zaune aka kira la'asar, ya ga abin da maigida yake yi. Ya girgiza kai ya ce, “Allah sarki Yaya, har yanzu ba ka manta lokacinka ba.” Da zai tafi na raka shi baranda, ya rage murya ya ce, “Malama, in Allah ya yi ikonsa, a daure a sanar da mu da wuri, kada mu ji a bakin mutane.” Na ce da wuri don me. Ya ce don zumunci mana, jininmu ne. Wataƙila iyakar nufinsa ke nan. Amma wane lokaci yake nufi da lokacinka, kuma wa ya gaya masa? Na san su Musulmi ba sa jinkirta jana'iza. Na kwana ina juya wannan kalma ta da wuri.

Washegari na yanke shawarar in gani da idona. A duk shekarun nan ban taɓa shiga ɗakin ba, shi yake share abinsa, ni kuma girman kaina bai bar ni in roƙa ba. Na bar Rahila da shi, na zagaya, na buɗe kwadon. Na shiga da niyyar in ga carbi, ko allo, ko wani littafi da aka ɓoye. Babu komai, sai tabarma da ƙusa ɗaya a bango inda yake rataye hula. Na duba tabarmar da kyau, domin na san inda goshi da gwiwa suke cin tabarmar mai salla. Wuri ɗaya ne ya cinye, inda mutum yake zama. A bangon da ke bayan wurin kuma akwai wani baƙin tabo mai maiƙo, daidai inda ƙeyar mutum za ta jingina shekara da shekaru. Bangon gabas ne. Wato gabas yake ba wa baya, fuskarsa tana kallon ƙofa.

Kada ku yi saurin cewa magana ta ƙare. Tabo ya nuna ya zauna, bai nuna bai taɓa tsayawa ba, kuma mai ɓoye abu tsawon wannan lokaci ba zai bar shaida a fili ba. Amma na zauna a wurin, na jingina kaina inda nasa yake jingina, sai aka kira salla. Na ji maigadinmu na yanzu ya ja sarƙar get, yadda Malam Sale yake yi. Motoci suka ɗauke a titi. Rediyon masu gadin maƙwabta ya mutu. Ban taɓa sanin unguwar nan tana yin irin wannan shiru da la'asar ba, domin ni a lokacin kullum ina kicin ko ina magana da wani. Na ce bari in yi addu'a tun da na zo. Ni da na jagoranci addu'a a gaban ɗaruruwan mata, na buɗe baki na rasa kalma ko ɗaya, kuma abin mamaki ban ji kamar ana jiran in faɗi wani abu ba. Na tsorata, na tashi.

Kafin in tashi ne na lura da abu na ƙarshe. Daga inda yake zama, ta tsagar ƙyauren, ana hango ƙofar kicin ɗina da matakalar baranda, hanyar da zan bi in zan zo. Tun ranar wani sabon zargi ya shige ni, wanda ya fi na farkon ciwo. Shekarun nan duka ina tambayar wane addini yake ɓoye mini. Ban taɓa tambayar ko daga wa yake ɓuya ba. 'Yan kwangila sun tafi tun tuni, yara sun tafi, murya ɗaya ce ta rage a gidan nan, tawa. Ko dai ƙofar yake tsaro kada in shigo? Rahila ta ce wataƙila kallona yake yi yana sa ni a addu'a. Rahila tana son ubanta, komai ya yi za ta sama masa kyakkyawar fassara. Shi kaɗai ya san amsa, kuma bakin da zai ba ni ita ya rufe.

Ga inda nake. In na buɗe masa na ja ƙofa, zai iya shaƙewa a ciki, kuma in ya cika a ɗakin nan da la'asar, na san abin da za a faɗa a majami'a, na san abin da za a faɗa a Kawaji, kuma Bulus ba zai yafe mini ba. In na ci gaba da riƙe makullin, ina kallon mutumin da bai taɓa hana ni komai ba yana roƙona abu ɗaya da ido kullum, kuma in da gaske Ubangiji ne yake jiransa a can, to ni ce na tsaya a tsakaninsu, ni 'yar mai bishara. Rahila ta kawo hanya ta uku, wai in tura shi ciki da kaina, in zauna a gefe a kan tabarmar, in yi shiru tare da shi, ga tsaro ga biyan bukata. Na ce mata zan yi tunani. Abin da ban gaya mata ba shi ne wannan hanyar ce ta fi ba ni tsoro.

Ku da kuka san irin wannan addu'a ta shiru, ku gaya mini gaskiya, ana yin ta da mutum a gefe, ko kuwa zamana zai ɓata masa ita? 'Yan'uwa Musulmi, ku ma ku faɗa mini ba tare da jin nauyina ba, a cikin abin da na kwatanta kun ga wani abu naku? In buɗe, ko in bari? In kuma na shiga tare da shi, na zauna, na kame bakina yadda ban taɓa yi ba, sai ya ɗaga hannun nan ɗaya da ya rage masa ya nuna mini ƙofa, me zan yi? Ina rubuta wannan rana ta fara karkata, ya riga ya juyo da fuskarsa yana kallon bakin zanena.